Ɗarin da na tare ƙofa

Ku ƴaƴana, na san kun ji maganar. In ba a gabana ba, to a bayan idona, wurin biki ko wurin suna, sa'ad da wata za ta rage murya ta ce, ai uwarsu ce ta kori Alhaji Idi daga bakin ƙofa. Ba wanda ya taɓa tambayata cikinku. Kunya ta hana ku, ni kuma taurin kai ya hana ni ɗauko zancen. Ko Hadiza da abin ya faru a gidanta ba ta gani da idonta ba, tana wurin aiki. Cikin mu ukun da muke wurin ni kaɗai na rage, to gara ku ji daga bakina tun ina da bakin. Na tare ƙofar, wannan gaskiya ne. Kada ku jira in ce na yi da-na-sani, don ban yi ba. Amma ba za ku gane nauyin abin ba sai kun tuna wace irin ƙofa ce ƙofar babanku.

Gidanmu na Saint-Denis kun san shi, can sama cikin dogon benen nan da asansar ɗinsa, na'urar da ke hawa da mutane sama, ke aiki in ya ga dama. Falon bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, amma wallahi ran Lahadi sai ka rantse bangon ne yake ja da baya. Duk ɗan Nijar da ya sauka Paris da jaka ɗaya da takardar karatu, kafin ya gane hanyar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya gane hanyar gidan Malam Lawali. Babanku ke raba adireshinmu kamar goro, ni kuwa bayana ke ji a kicin. Tun safe nake ɗora dambu, in tuƙa tuwon semul, in kaɗa miyar kukar da ake aiko mini daga Damagaram. Takalma su cika bakin ƙofa har su gangara wajen matakala. In an gama ci sai in ɗauko kaskon da innata ta cusa mini cikin kaya ranar da zan taho, in zuba turaren wuta, taga a rufe ruf saboda ɗari, har tsumma nake cusawa a ƙasanta. Hayaƙi ya tashi, yaran nan su lumshe ido, wani ya ce, Tanti, wallahi kamar ɗakin innata. Don wannan maganar kaɗai na yarda da ciwon bayan. Ina kewar waɗannan ranakun, ba zan ɓoye muku ba. Har yau in na ji ƙamshin albasa cikin mai da safiyar Lahadi, babbar tukunya hannuna ke nema.

Kusa da shofaj, ƙarfen ɗumama ɗaki, inda ya fi ɗumi, nan babanku ke zama da butar shayinsa, a gefensa Alhaji Idi. Ku kun taso kun gan shi ne kawai, Baba Idi mai alewa a aljihu. Mutumin Maradi ne. Tare suka zo ƙasar nan suna samari, ɗaki ɗaya suka kwana, tare suka yi dakon kaya a kasuwar Rungis har bayansu ya lanƙwashe. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da aka kawo ni, babanku kunya ta sa ya laɓe a bayansa, kuma tun daga ranar bai kira ni da wani suna ba sai Amarya. Na haife ku duka, na yi furfura, na je Makka na dawo, ina nan Amarya.

"Amarya, yau ma gishirin Damagaram ya yi yawa," in ji shi, yana suɗe kwano.

"To ka bari mana, Alhaji, wa ya roƙe ka?"

"A'a, taimakon ɗan uwana nake, kada hawan jini ya kama shi."

Babanku yana da magana guda da ba ya gajiya da faɗi: zumunta a ƙafa take. Kuma ba a baki ya tsaya ba. Ba baƙon da zai tashi daga gidanmu, ko yaron da bai kai sa'an ɗansa ba, babanku bai zura takalmi ya ce bari in taka maka ba. Zai sauka da shi bene, su ratsa fili, ya kai shi har bakin metro, su tsaya nan su buɗe sabon zance. Shi da Alhaji Idi kuwa abin har ya zama na dariya. Ya raka Alhaji metro, Alhaji ya ce ai ba zai bar shi ya koma shi kaɗai ba, ya rako shi gida, shi kuma ya sake maida shi. Na sha leƙo su ta taga, tsofaffi biyu cikin manyan manto, rigunan sanyi, suna kai da kawo, shayi na hucewa a sama.

Ciwon a hankali ya shigo. Babanku ya sha taba da ƙuruciya, wai ita ke ɗumama su wurin aiki. Ya bar ta tun kafin a haifi autarku, amma ta riga ta yi ɓarnarta a huhu. Bayan ya ajiye aiki numfashi ya fara yi masa gardama. Da rani lafiya lau, sai dai ya tsaya hutawa a matakala. In ɗari ya shigo kuwa, murar da za ta taɓa wani ta wuce, shi sai ta sauka masa a ƙirji ta shimfiɗa tabarma. Tari, kaki, ƙirji na kuka kamar ƴar kyanwa, leɓe ya yi duhu. Sai a kira pompiye, masu motar agaji, su kwashe shi zuwa irjans, wato sashen gaggawa na asibiti. Ɗari bayan ɗari haka muke, har na saba ajiye jakarsa a shirye bayan ƙofa.

Shekarar da nake ba ku labari ɗarin ya zo da wuri, mura ta kama gari gaba ɗaya. Da muka isa asibiti da hantsi na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba gado a ciki. An jera mutane kan gadaje masu taya a kuluwar, hanyar da kowa ke bi, kan wannan a ƙafar wancan, yawancinsu tsofaffi, kowa da robar iska a hanci. A ɗaya gefen uwaye rungume da jarirai suna numfashi sama-sama. Ma'aikatan ba su da laifi, Allah ya gani. Wata yarinya cikinsu na lura tun safe burodinta na aljihu, ba ta samu ta gutsura ba. Nan aka ajiye babanku, aka tuɓe masa kaya aka sa masa irin rigarsu mai buɗaɗɗen baya, mutumin da ko falonsa ba ya fitowa ba hula. Rana ta faɗi, wata ta fito, yana nan. Salla ta yi ta wuce shi, ba alwala, ba halin juyawa gabas. Da fitsari ya matse shi aka miƙo masa gora nan inda yake, mata na wucewa. Sai na cire mayafina na ware shi da hannu biyu na kare shi. Ina riƙe da mayafin na ji yana kuka a bayansa. Duk zaman da muka yi, ko rasuwar mahaifiyarsa ban ji sautin kukansa ba.

Da ya natsu ya kama mini hannu.

"Mariama," ya ce. Ba ya kiran sunana sai magana ta kai magana. "Ko mutuwa zan yi, kada ki bari a sake kwantar da ni a nan. Ki yi mini alkawari."

"Na yi," na ce, ban ma san nauyin abin da na ɗauka ba.

Likitar da ta sallame mu, wata doguwa mai jajayen idanu don gajiya, ta zaunar da ni ta yi mini magana kamar ƙanwata. Ta ce, Madam, da yawa cikin waɗanda kika gani kwance a hanya, da an tare ciwonsu tun daga gida da ba su iso nan ba. Babban taimakon da za ki yi wa mijinki, ki yi mana mu ma, shi ne kada ya dawo. Allurar riga-kafi kafin ɗari, maganin shaƙa a kan lokaci, ba hayaƙi a ɗaki, ya riƙa tafiya kullum, kuma duk mai mura ya yi nesa da shi. Na ce to, na gode. Baiwar Allah, ta san huhu amma ba ta san Hausawa ba. Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Kun san yadda muke da dubiya, wanda bai zo ba ya yi laifin da ba a mantawa. Suka yi ta zuwa daga kowace unguwa, maza a falo, mata a ɗakina, kowa ya kama hannun Malam da hannu biyu, ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan na atishawa cikin tafin hannu, wancan na jan hanci, har yara aka kawo su gaida Baba. Ni da kaina nake zuba musu ruwa. Yaya zan yi? Ƙauna ce ta kawo su, wasu aiki suka bari. Ba a daɗe ba ƙirjin ya fara kukan nan kuma. Allah ya taimake mu likitan unguwa ya tare shi da magani a gida, amma da ƙyar, har na ɗauko jakar na ajiye kan gado.

Ranar Hadiza ta kira daga Villeurbanne, can gefen Lyon, inda take aiki.

"Mama, ya isa haka. A Saint-Denis ba za ki iya rufe ƙofa ba, na san ki. Ku taho Lyon ku ƙarasa ɗarin a wurina. Nan ba wanda ya san ku. Dakor? Kin yarda?"

Na naɗe kaskon innata cikin zane na ɗora shi can kan kabad, na kulle gidan da bai taɓa kwana a kulle ba. Cikin jirgin ƙasa babanku taga kawai yake kallo.

A Villeurbanne Hadiza ta samo mana kine, wato mai koya wa mara lafiya numfashi da motsa jiki, wata gajeriyar mata mai damtse kamar ta saba daka. Har gida take zuwa. Ita ta gano cewa maganin shaƙar nan duk shekarun nan a harshe babanku yake fesa shi kamar turare, ta ba shi wani bututu ta nuna masa yadda zai ja shi har cikin ƙirji. Ta koya masa ya ja iska ta hanci ya sake ta a hankali ta tsukakken baki. Ya kasa ganewa, sai da na ce, Malam, kamar kana hura kunu mai zafi, nan take ya iya. Ta koya masa fitar da kaki ba tare da ya yage kansa da tari ba, ta ce in launinsa ya canza a kira likita a ranar, kada a jira gobe. Ta ce a buɗe taga safe da yamma iska ta shiga, ko da ƙanƙara na sauka. Ni da nake cusa tsumma! Duk wannan babanku ya yarda da shi. Tafiyar ce ya ce bai san zancen ba.

"Ina za ni?"

"Ba ko'ina, Baba," in ji Hadiza. "Ka zagaya fili ka dawo."

"Mutum da hankalinsa ya fita ba inda za shi? Wannan ai aikin Bature mai kare ne. Ku sayo mini karen tukuna."

Haka ya zauna bakin taga yana kallon tiram, jirgin cikin gari, na wucewa, ba hira, ba gardama, abinci sai ya taɓa ya ture. Kine ta ce mini ƙafar da ba ta tafiya tana rage wa huhu ƙarfi, in ya ci gaba da zama ko ba mura zai koma asibiti. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na raba mutum da jama'arsa don ya rayu, ga shi yana bushewa a gabana.

Wai ba wanda ya san mu a Lyon, in ji Hadiza. Ta manta ko mu su wane ne! Wata rana bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga wani magidanci da gemunsa, ashe ɗaya ne daga cikin yaran da suka ci dambuna a Saint-Denis, ya zama injiniya a nan, ya kwaso ɗalibai biyu daga jami'a sun zo dubiya. Na tsaya a tsakiyar ƙofa na gaya musu gaskiya, na ce likita ya hana shiga, su gaishe shi daga nan. Yaran kirki, suka durƙusa a waje suka yi gaisuwa mai tsawo, shi yana amsawa daga kujera. Ba a ce su zauna ba, ba a ba su ko ruwa ba. Da suka miƙe za su tafi babanku ya watso mini wani kallo da na san ma'anarsa.

"Miƙo mini manto. Tun da an hana baƙona zama, ai ba a hana ni taka masa ba."

Don ya ƙona mini rai ya yi, ni kuwa har hula mai kunnuwa na ɗauko masa. Na koma taga ina leƙe. Ya fita daga bene, ya ɗan taɓa tafiya ya tsaya yana hura kununsa, su ma suka tsaya kamar hira ce ta tsaida su. Ya ƙara gaba, ya tsaya, ya ƙara gaba, har tashar tiram. Mutumin da ya ce sai an sayo masa kare! Ya dawo yana haki, ido na ƙyalli, yana ba ni labarin kakan ɗaya daga cikin yaran, wai maƙwabcinsu ne a Birni, can Damagaram. Ranar ya cinye tuwonsa har ya ce ko akwai saura.

Washegari na kira injiniyan nan na kafa doka. Na ce ka gaya wa kowa, mai son gaida Malam ya zo bayan azahar in rana ta ɗan leƙo, ɗaya ko biyu, ban da taro. Mai mura ya zauna gidansa, gaisuwarsa ta iso. Ba mai shiga, amma kowa zai tafi da ƙunshin dambu, kuma Malam zai taka masa. Sai ga shi ba ranar da ƙofar ba ta da baƙo. Yaran nan da wayo, suka fara cewa, Baba, ai tiram ɗinmu a tashar gaba yake tsayawa, shi kuma ba zai bar baƙo a rabin hanya ba. Ko ya gane ko bai gane ba, bai taɓa nunawa ba. Kine ta auna shi ta riƙe baki, ta ce wane magani na ƙara masa. Na ce baƙi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce da ana samunsu a farmasi da ta rubuta wa duk tsofaffinta. Waɗannan yammacin suna cikin mafi daɗin zamana a ƙasar nan. Ina tsaye bayan gilashi, ga tsohona can ƙasa tsakiyar samari, hannu na tashi sama yana yi musu bayanin duniya.

Alhaji Idi ya zo ne a tsakiyar ɗarin, lokacin da rediyo ke ta roƙon mutane kada su je irjans sai dole, don ba wurin sa kowa. Bai kira ba. Alhaji bai taɓa kiran waya kafin ya zo ba, ya ce mutum ba ya neman izinin shiga gidan ɗan uwansa. Tsoho da shi ya hau jirgin ƙasa tun daga Paris, da ledar kilishi da kwalbar zuma. Kafin in ji sallamarsa na ji tarinsa daga matakala. Da na buɗe na ga ido jawur, hanci na zuba, mushuwar ɗin goge hanci a dunƙule a hannu, jiki na ɗan rawa cikin manto.

"Amarya! Kin sace mini ɗan uwa kin gudo da shi Lyon, to na biyo sawu. Matsa in ga tsohon."

Ban matsa ba.

"Sannu da hanya, Alhaji. Mura kake yi."

"Ɗan sanyin jirgi ne. Yo mura ciwo ce?"

"A jikinka ba ciwo ba ce. Alhaji, ka yi wa Allah ka yi haƙuri, yau ba za ka shiga ba."

Ya yi dariya, ya zaci irin tsokanarmu ce ta kullum. Sai ya dubi fuskata dariyar ta tsaya. Daga ciki babanku ya ɗaga murya, muryar da na daɗe ban ji farin ciki irin wannan a cikinta ba.

"Wa nake ji kamar Idi? Idi! Shigo mana, me ka tsaya yi?"

Sai na ga mayafin nan a idona, na ji kukan nan a kunnena. Na miƙa wa Alhaji takunkumi, na ce ya ɗaura ya sauka fili, Malam zai fito ya same shi a waje su gaisa nesa-nesa. Na ce Hadiza za ta kama masa ɗaki ya huta, ya ga likita, in ya warke gidan nasa ne.

"Takunkumi," ya ce. "Ni za a ɗaura ma takunkumi kamar jakin da ke ɓarna a gona? Mutumin da muka rufa da bargo ɗaya tun kina wasan ƙasa? Shi ya ce ki tare ni?"

"Ni ce, Alhaji. Ba ruwansa."

Ya sunkuya a hankali ya ajiye ledar a gaban ƙafata.

"To, Hajiya Mariama. Na gode. A gaida mai jiki."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ban ma san ya riƙe sunana ba. Ya juya ya sauka. Babanku ya taso yana laluben takalmi, numfashi na sarƙewa. Ban hana shi ba. Ni na ɓalle masa maɓallan manto, na ɗaura masa takunkumin da Alhaji ya ƙi, na bi bayansa. Ya yi saurin da huhunsa ya yarda masa, amma muna karya kwana tiram na rufe ƙofa. Muka hango hular Alhaji ta gilashi, bai waiwayo ba. Babanku ya daɗe tsaye a tashar yana maida numfashi.

"Yau baƙona ya tafi ba rakiya," ya ce.

Daga nan ya ɗauke mini magana. Yana cin abincina, yana shan maganinsa, yana raka yaransa, amma in zai nemi ko cokali sai ya ce, Hadiza, ki ce wa uwarki. Abin ya yi mini ciwo, na sha shiga banɗaki in kunna famfo in yi kukana. Amma kowace safiya in yana karatunsa bayan salla sai in kasa kunne, in ji ƙirjin shiru, ba kyanwa. In ce a raina, yi fushinka, Malam, mai numfashi ke fushi. Sau ɗaya mura ta taɓa shi a sauran ɗarin, muka ga launin kaki ya canza muka kira likita a ranar, aka tare ta a gida. Jakar nan har ganye ya fito a itatuwa ba a buɗe ta ba.

Da muka koma Saint-Denis magana ta riga mu, kamar kullum. Wai na zama Baturiya, wai ƴata ce ke juya ni, wai na raba amini da amini. Matan da na yi wa wankan jego da hannuna suka koma amsa gaisuwata da hanci. Da rani ya yi na ɗora babbar tukunya ran Lahadi, na buɗe ƙofa, mutanen da suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba. Gidan da aka kori Alhaji Idi wa zai shiga? Lahadinmu ba ta sake dawowa yadda take ba, kaskon innata ma yana kan kabad har yau. Su biyun dai sun shirya irin shiryawar maza, ba wanda ya ce wa wani komai. Suka koma haɗuwa a masallaci, su zauna kan benci bakin ruwa, su yi kai da kawonsu. Amma Alhaji a gindin bene yake tsayawa. Bai ƙara hawowa ba, bai ƙara cin abincina ba, na aika masa dambu kwanon ya dawo a cike. Ban kare kaina a wurin kowa ba. In ce musu me? In ce mijina ya yi kuka bayan mayafina? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ma don ƴaƴansa ne nake gaya muku.

Haka muka ci gaba, ɗari a Lyon, rani a Paris. Ya ga ƴaƴan Hadiza sun yi wayo, ya je Damagaram ya dawo, kuma bai sake kwanciya a kuluwar ba. Sauran kun sani, kuna wurin. Kan gadonsa ya cika, da hularsa, fuska gabas, taga a buɗe. Ya dubi rufin ɗakin ya ce mini, nan ɗakina ne ko? Na ce ɗakinka ne, Malam. Ya ce to, madalla.

Kwanakin makoki gidan ya cika, takalma har matakala kamar dā. Bayan mutane sun ragu, autarku na ɗaki da jaririnta, aka ƙwanƙwasa da rana. Alhaji Idi ne, da sanda. Asansar ba ya aiki, da ƙafa ya hawo, yana jingine da bango yana haki.

"Shigo, Alhaji," na ce, na matsa gefe.

Ya girgiza kai, ya nuna maƙogwaronsa.

"Ɗan tari nake ji tun jiya. An ce akwai jariri a ciki. A nan zan tsaya."

Daga bakin ƙofar ya yi mini ta'aziyya, na amsa. Ya dubi wurin zamansu kusa da shofaj ta saman kafaɗata.

"Ya gaya mini zancen mayafin. Bai daɗe da gaya mini ba. Kin bar ni ina jin haushinki duk shekarun nan."

"Ba sirrina ba ne, Alhaji."

Ya goge ido da bakin hannun riga.

"To, Amarya. Allah ya ba mu haƙuri. Ni zan koma."

Mai takaba ba ta yawo, kun sani. Amma takalman babanku na nan bakin ƙofa inda ya saba barinsu, sai na zura su, sun yi mini yawa. Na ce, bari in taka maka, Alhaji. Na raka shi har kan matakala, iyakar inda zan iya zuwa. Na tsaya nan riƙe da ƙarfe ina jin sandarsa tana sauka, har na daina jin ta.